Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi? Nazari a Kan Muhawarar Cancantar Elsa a Fim ɗin Frozen

Tsakure

Tun fitowar fim ɗin katun na Frozen a shekarar 2013 masoyansa suke jayayya a kan batu guda: shin Elsa ta cancanci ɗaukaka da farin jinin da ta samu, ko kuwa ta ci gumin ƙanwarta Anna ne? Wannan maƙala ta bi zubin fim ɗin fitowa bayan fitowa, ta auna hujjojin ɓangarorin biyu. An gano cewa masu cewa Elsa ba ta cancanta ba suna auna ta ne da mudun da aka ƙera domin matafiyi, kuma fim ɗin da kansa ya taimaka musu, domin ya dunƙule shekara 13 na wahalarta cikin waƙa guda da aka rera daga bayan ƙofarta. Maƙalar ta tsaya a kan cewa Anna ce jarumar tafiyar, amma zargin da ake yi wa Elsa na samun banza bai tabbata ba.

Fitilun Kalmomi: Elsa, cancanta, farin jini, masoya, katun, bora da mowa

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Disney ya saki Frozen a watan Nuwamba na 2013, a ƙarƙashin daraktoci biyu, Chris Buck da Jennifer Lee. Fim ɗin ya tara kimanin dala biliyan 1.28, ya doke Toy Story 3 a matsayin katun mafi kawo kuɗi a lokacin, ya kuma ci kyautar Oscar biyu a 2014, ɗaya ta gwarzon katun, ɗaya ta gwarzuwar waƙa. Labarin 'yan'uwa mata biyu ne, 'ya'yan sarkin wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Arendelle, wadda aka zana da kamannin Norwe. Babbar, Elsa, an haife ta da baiwar sarrafa ƙanƙara. Ƙaramar, Anna, ba ta da komai sai ƙafafunta da taurin kai.

A kasuwa kuwa ba a raba daidai ba. Elsa ce a jakar makaranta, ita ce a gorar ruwa da kek ɗin zagayowar haihuwa, kuma duk wanda ya leƙa rumfunan kayan yara a Kano ko Yamai ya ga wannan fuska mai farar kitso ko da bai san sunanta ba. Kafin cikar shekara guda Disney ya sanar da sayar da rigunan Frozen sama da miliyan uku a Arewacin Amurka kaɗai. A ƙarshen 2014 binciken ƙungiyar 'yan tireda ta Amurka ya nuna kayan Frozen sun ture Barbie daga saman jerin abin da iyaye ke shirin saya wa 'ya'yansu mata, matsayin da Barbie ta riƙe shekara 11 a jere. Daga nan ƙorafin ya taso. Magoya bayan Anna suka ce ita ta sha sanyi, ita kyarketai suka kora, ita ta tari takobi da jikinta, sannan aka miƙa wa yayarta kambin. Da Bahaushe ne zai taƙaita musu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan karin magana shi nake son in gwada ko ya dace da gurbin da ake sa shi.

2.0 Waiwaye

Nazarin masoya a matsayin fage ya kafu da littafin Henry Jenkins na 1992, Textual Poachers, wanda ya nuna cewa masoyi ba tulu ba ne da ake ɗura wa labari, yana ɗiba, yana gyarawa, yana jayayya. Na karɓi wannan ba tare da musu ba. Haka nan aikin Vladimir Propp na 1928, wanda ya fitar da matakai 31 da tatsuniyoyin Rasha ke bi, da na Joseph Campbell na 1949 a kan tafiyar jarumi, duka zan yi amfani da su, amma a matsayin waɗanda ake tuhuma.

Inda zan daɗe shi ne a kan hujjoji biyu da suke ciyar da muhawarar.

Ta farko ita ce laƙabin Mary Sue. Sunan ya samo asali ne daga wani gajeren labarin shaguɓe da Paula Smith ta rubuta a 1973, tana zolayar masoyan Star Trek masu ƙirƙiro yarinya 'yar shekara 15 da rabi wadda ta fi kowa iyawa, kowa kuma yana sonta ba dalili. Daga baya kalmar ta zama sanda a hannun masu suka, ana kai wa duk tauraruwar da ta yi ƙarfi. Sharuɗɗan laƙabin a fili suke: ba ta da aibi, iyawarta ba ta jawo mata asara, kuma mutanen cikin labarin suna rububinta. Elsa ba ta cika ko ɗaya ba. Sau biyu baiwarta ta kusa kashe ƙanwarta. Ranar naɗinta baƙo ya kira ta dodo a bainar jama'a, talakawanta suka ja da baya suna rungume 'ya'yansu. An aika mutum biyu su harbe ta, an kamo ta, an sa mata mari a hannu a kurkukun gidan ubanta. In wannan ce wadda kowa ke so ba dalili, to kalmar ta rasa ma'ana, kuma ina ganin ta daɗe da rasawa.

Ta biyu ta fi nauyi domin ta fito daga bakin malamin jami'a. Jordan Peterson, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Kanada, ya sha faɗa a rubuce da kuma a hira cewa Frozen farfaganda ce. A ganinsa tsofaffin labarai irin na Sleeping Beauty sun tsiro ne daga zurfin tunanin ɗan'adam, shi kuwa wannan an zauna an tsara shi domin a isar da saƙo guda, wato mace ba ta buƙatar namiji ya cece ta. Masu adawa da Elsa sun rungumi wannan magana domin ta ba su abin da suke nema: in labarin shiri ne, to ɗaukakar tauraruwarsa ma shiri ce. Sai dai tarihin yin fim ɗin bai goyi bayansa ba. Tun zamanin Walt Disney kansa kamfanin ke kokawa da labarin Hans Christian Andersen na sarauniyar dusar ƙanƙara yana ajiyewa, kuma har aiki ya yi nisa Elsa muguwa ce a rubuce, ita ce abokiyar gabar Anna. Abin da ya sauya ta shi ne waƙar Let It Go, wadda Kristen Anderson-Lopez da mijinta Robert Lopez suka rubuta. Da masu fim suka ji ta, sai suka ga ba za a sa wannan murya a bakin muguwa ba, Jennifer Lee ta koma ta sake farkon labarin. Mai farfaganda yakan san inda za shi tun kafin ya ɗaura sirdi, waɗannan kuwa a tsakiyar hanya waƙa ta karkatar da su. Ƙari a kan haka, masanan harshe biyu, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, sun ƙirga maganganun finafinan gimbiyoyin Disney, suka tarar a Frozen maza ne ke da kashi 59 cikin ɗari na maganar. Farfagandar mata da ta bar wa maza kaso mafi tsoka na baki, lalle an yi sakaci wajen shirya ta.

3.0 Hanyar Bincike

An kalli Frozen na 2013, mai tsawon minti 102, da Frozen II na 2019, fitowa bayan fitowa, ana lura da abu uku: wa ya aikata, wa kyamara ta bi, wa aka ba waƙa. An jera hujjojin masoya bisa ma'anarsu, ba bisa yawan masu faɗarsu ba.

4.0 Sakamako

4.1 Abin da magoya bayan Anna suka faɗa daidai

In aka ɗora matakan Propp a kan fim ɗin, kusan duka a kan Anna suke sauka. Ita ta bar gida domin gyara ɓarna, ita ta samu mataimaka a hanya, wato Kristoff mai sayar da ƙanƙara da barewarsa da Olaf, mutum-mutumin dusar ƙanƙara, ita Hans, baƙon da ya nemi aurenta, ya yaudara, ita ta zaɓi tare takobin Hans maimakon ta ruga wurin wanda take zaton zai ceci ranta. Har naushin da ya jefa Hans cikin ruwa nata ne. A wannan babu gardama, kuma mai kare Elsa da ya musanta shi bai kalli fim ɗin da kyau ba.

Abin lura kawai shi ne wannan rashin adalci, in rashin adalci ne, ya girmi Disney. A labarin Andersen na 1844 yarinya Gerda ce ta yi tafiyar duka domin ceto abokinta Kai, sarauniyar ba ta bayyana sai jefi-jefi, amma sunanta aka sa wa labarin. Faransawa da Jamusawa sun bi wannan sawu wajen sa wa fim ɗin suna. Japanawa ne suka sa sunan Anna a gaba, sannan suka bi shi da laƙabin yayarta.

4.2 Ƙofar da aka rufe

A nan ne babban abin da wannan bincike ya gano yake.

Elsa tana da shekara 8 lokacin da ta jikkata Anna cikin wasa. Tana da 18 iyayensu suka nutse a teku. Tana da 21 aka naɗa ta. Tsakanin hatsarin da naɗin akwai shekara 13, kuma a cikinsu yarinyar tana kulle a ɗaki bisa shawarar ubanta, an rage barori, an rufe ƙofar fada, an shafe wa ƙanwarta tunanin abin da ya faru. Ita kaɗai aka bari da sani. Fim ɗin ya ba wa waɗannan shekaru 13 waƙa guda da ba ta kai minti huɗu ba. Tafiyar Anna kuwa, wadda ba ta wuce 'yan kwanaki ba, ta cinye mafi yawan abin da ya saura.

Ba gajartar ce kaɗai matsalar ba, har da inda aka tsayar da mai kallo. Waƙar Anna ce ke rera ta, tana ƙwanƙwasa ƙofa tana roƙon a fito a yi wasa. Elsa ba ta rera ko baiti ɗaya a ciki ba. Muna tsaye a soro tare da mai ƙwanƙwasawa, muna jin zafin shirun da ake mayar mata. Cikin ɗakin ba a nuna mana shi sai a leƙe: ga yarinya ta dafa taga ta daskare, ga uba yana sa mata safar hannu, ga ta ta ɗan tasa tana ja da baya tana hana iyayenta su taɓa ta don kada ta cuce su. Ranar makokin iyayensu, Anna ce tsaye ita kaɗai tsakanin duwatsun tunawa biyu, mai kallo kuma ya riga ya yanke hukunci cewa yayar ba ta da zuciya. Sai a daƙiƙun ƙarshe kyamara ta ratsa ƙofar, muka ga Elsa zaune a ƙasa ta jingina da ita, ɗakin duka ya zama ƙanƙara. Wannan hoto ɗaya shi ne rasit ɗin shekara 13, kuma yana wucewa kafin a gama ƙifta ido.

Saboda haka idan masoyi ya ce bai ga abin da Elsa ta yi ba, gaskiya ya faɗa: bai gani ba. Aikinta na ƙin aikatawa ne. Kullum ta wayi gari ba ta buɗe ƙofar ba, ta ceci ran Anna sau ɗaya, a iyakar abin da aka koya mata. Irin wannan aiki ba ya ɗaukuwa a kyamara, domin kyamara motsi take so. Mudun Campbell ma haka yake, yana ƙirga fita da gamuwa da dawowa, ba shi da ma'aunin wanda jarrabawarsa ita ce ya zauna. Maureen Murdock ta lura da wannan giɓi tun 1990 da ta rubuta littafinta a kan tafiyar jaruma mace, ko da yake ita ma kalmar tafiya ta riƙe.

Mai karatu Bahaushe yana da wata hanya ta gane yadda kunnen mai sauraro ke karkata, wato tatsuniyoyin 'yar bora da 'yar mowa. A tatsuniyar Ruwan Bagaja 'yar bora ce ake kora ta yi doguwar tafiya, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa tana gida a shagwaɓe, in ta fita kuma rashin kunya take yi ta dawo da tsiya. Mun taso da wannan awo: wadda ta taka ƙasa ita ce mai haƙƙi, wadda ta zauna a ɗaki ita ce 'yar gata. Magoya bayan Anna, ko da ba su taɓa jin sunan bora ba, da wannan awon suke aiki. Elsa ce babba, ita ce magajiya, ita ke da baiwa, ita ke ɗaki, to ita ce 'yar mowa. Amma a duba da kyau. Wace ce aka ware daga cikin iyali? Wa aka koya wa cewa jikinta abin tsoro ne? Wa aka hana wasa, aka hana taɓawa? Anna ta yi kaɗaici, ba a musu, amma ta yi shi da lamiri sakayau, tana zagaya fada tana hira da hotunan bango. Ɗakin Elsa ba ɗakin gata ba ne. Fim ɗin ya ɗauki rabon bora ya raba biyu, ya ba ƙanwar tafiyar, ya ba yayar wariyar, masu muhawara kuma rabi ɗaya kawai suke ƙirgawa.

Wannan ne kuma ya bayyana ƙarfin waƙar da ta yi a kan dutse, wadda masu suka ke cewa ita kaɗai ce jarinta. Suna cewa a cire waƙar da rigar shuɗiya a ga abin da zai rage. Amsar ita ce waƙar ba daga sama ta faɗo ba. Muryar Idina Menzel ta yi aikinta, amma abin da ya sa fitowar ta kama mutane shi ne ita ce karo na farko da aka shigar da mu cikin Elsa aka bar mu a can. Jefar da safar hannu ba zai zama komai ba in ba mu ga ranar da aka sa ta ba. Yara, waɗanda rayuwarsu cike take da kar ka taɓa da zauna nan, ina zaton sun fi manya saurin karanta wannan, ko da yake wannan zato ne na uba, ba sakamakon awo ba.

Akwai kuma aiki guda na zahiri da Elsa ta yi wanda ba a cika ambata ba. Ranar naɗi Anna ta kawo mata Hans, mutumin da ta haɗu da shi a ranar, tana neman albarkar aure. Elsa ta ƙi. A duk fim ɗin wannan ne hukunci mafi inganci da wani mai mulki ya yanke, kuma shi ya jawo mata tonon asiri. Anna kuwa da za ta fita, wannan baƙon ta damƙa wa ƙasar.

4.3 Gwajin Simba

Hujja mafi ƙarfi a kan Elsa ita ce ta gudu. Ta bar talakawa cikin sanyin da ita ta jawo, da aka gaya mata kuma sai ta ƙera ƙaton dodon ƙanƙara ya kori mai gaya matan. Da ta dawo, fim bai nuna ta tsaya gaban jama'a ta nemi gafara ba, filin wasan zamiya ta yi musu aka tafa. Wannan rauni ne na gaske a rubutun, ban kuma ga amfanin kare shi ba.

Amma a ajiye shi kusa da The Lion King na 1994, na kamfani ɗaya. Simba ɗan sarki ne da ya gaji matsayi bai nema ba. Ya ɗauka shi ya jawo mutuwar ubansa, ya gudu daji, ya yi waƙar rashin damuwa, ƙasarsa ta bushe a bayansa, sai da mace, Nala, ta ci karo da shi ta roƙe shi ya dawo. Ƙashin labarin ɗaya ne, har Simba ya fi daɗewa a gudun, domin shi girma ya yi a can. Duk da haka tambayar ko Simba ya cancanci farin jininsa ba ta zama abin jayayya ba, ba a kuma kafa ɓangaren masu cewa an ci gumin Nala ba. Superman tun 1938 yake nuna bajinta da ƙarfin da aka haife shi da shi. Baiwar haihuwa ba ta zama laifi sai ta sauka a kan mace, a nan ne ake neman ta kawo shaidar gumi.

4.4 Cancanta da farin jini

Wani ɓangare na rikicin na kalma ne. Ana haɗa abu biyu da Hausa ta raba. Cancanta ana samunta da aiki, ana iya auna ta. Farin jini kuwa a tunanin Bahaushe ba lada ba ne, abu ne da ake ba mutum, shi ya sa ake cewa wane yana da shi, ba a cewa ya ci shi. Tambayar ko Elsa ta cancanci farin jini kamar tambaya ce ko dogo ya cancanci tsawonsa. Yarinya 'yar shekara biyar da ta zaɓi rigar Elsa ba alƙalanci take yi tsakanin 'yan'uwa biyu ba. Abin da za a iya aunawa shi ne ko labarin ya biya kuɗin ɗaukakar da ya ba ta, kuma sashe na 4.2 ya nuna ya biya, sai dai ya biya a ɓoye.

5.0 Iyakar Bincike

Za a ce binciken ya tsaya a kan finafinai biyu, bai taɓa gajerun finafinan da suka biyo baya ko wasan dandamali na Broadway ba, bai kuma zauna da yara ya tambaye su ba. Haka ne. Za a kuma ce kwatanta katun ɗin Amurka da tatsuniyar bora jan zare ne ya wuce tsawonsa. Na yi amfani da ita ne a matsayin madubi, ban ce Jennifer Lee ta san ta ba. Ban ga yadda ɗaya daga cikin waɗannan zai sauya lissafin shekara 13 da minti huɗu ba.

6.0 Hukuncin Frozen II

Fim na biyu, wanda ya fito a Nuwamba 2019 ya kuma tara kimanin dala biliyan 1.45, ya sake raba aikin kamar da. Elsa ta bi wata murya zuwa arewa, ta gano laifin kakansu a kan mutanen daji, ta daskare a wurin. Anna ce ta yanke shawarar a rushe madatsar ruwan da kakan ya gina da mugun nufi, tana sane cewa ambaliyar za ta iya cinye garinsu. Elsa ta farfaɗo ta tare ruwan a kan doki, ta sake kwashe kallo. Sai dai a wannan karo an biya kowa da kuɗin ƙasarsa: Anna ta hau gadon sarautar Arendelle, Elsa ta sauka ta koma daji.

Magoya bayan Anna sun ɗauki wannan a matsayin amsa laifi daga Disney. Ni ban karanta shi haka ba, domin ba a ƙwace wa Elsa komai ba, sarautar da ma ita ce safar hannunta ta biyu. Karin maganar kura da gardi yana buƙatar ɗaya ya sha bugu ɗaya ya tsira, a nan kuwa su biyun an buge su, na ɗaya ne kawai aka yi a fili. Anna ce jarumar tafiyar, kuma ta cancanci gadon da aka ba ta. Zargin cewa Elsa ta samu banza bai tabbata ba.